Haƙorin Barde

Ku 'yan makarantar boko da kuke tsayawa a bakin zaure kuna leƙen hannuna, na san abin da kuke faɗi in kun juya baya. Wai aikin magatakardan majalisa aikin zaune ne: mutum ya shimfiɗa buzu a inuwa, manya su yi magana, shi ya rubuta, ƙarshen wata a ba shi albashi. Ɗayanku har ya ce rubutuna kamar kaza ta yi tono a bola, kuma wai littafina cike yake da giɓi. To, bai yi ƙarya ba. Ni ban yi karatun kirki ba. Izu talatin na kai a allo ubana ya cire ni ya kai ni gona. Bokon ma wata huɗu na yi a hannun wani malami da ya dawo daga Kano, shi ma rabinsa ya sani. Amma kafin a ba ɗayanku buzun nan, ku karanta wannan. Ba zan faɗi sunan gundumar ba, ba zan faɗi sunan hakimin ba. Ku dai sani tsakanin Gumel ne da iyakar Faransi, kuma mutanen da zan ambata, wasunsu suna nan da ransu.

Aikin farko da Malam Hamidu ya sa ni, wato tsohon magatakardan da na gada, ba rubutu ba ne, dahuwar tawada ce. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma ya zaunar da ni gaban murhu ina hura wuta. Tawadar allo kun san ta: baƙin tukunya da ƙaro, a rubuta, a wanke, a sha. Ta majalisa daban ce. 'Ya'yan bagaruwa ake dakawa, a jiƙa su da kashin maƙera kwana uku, a tace, a dafa har ta yi kauri. In ka rubuta da ita sai ka ga kamar ruwan tsamiya, kashegari ta koma baƙi ƙirin, ta kama takarda, ko a rijiya ka jefa ba ta fita. Alƙalami na gamba ne mai ƙwari, a fiƙe shi da aska, a tsaga bakinsa kaɗan. Sai kurtun tawada, sai ɗan ƙoƙon rairayi na busar da rubutu, sai gafaka. Kayan aikin ke nan duka. Malam Hamidu ya ɗaga kurtun ya ce, "Sambo, wannan ta fi takobi sharri. Takobi in ya sari mutum sai a goge shi a mayar kube. Wannan ba ta goguwa."

Takardar farko da na rubuta da hannuna ta neman sarauta ce. Barden hakimi ya rasu, gurbinsa a majalisa ya buɗe, mutum uku suna nema. Ɗaya daga cikinsu Amadu ne, ɗan gidan sarauta amma na reshen da ya bushe: rigarsa ɗaya, dokinsa na aro. Shiga majalisa kuwa ba da baki ake yi ba. Sai ka gai da hakimi, ka gai da liman, ka gai da sarkin gida mai isar da magana, har maroƙa sai ka jiƙa musu maƙoshi don su riƙa ambaton kakanka ranar kasuwa. Amadu ko goron sallama ba shi da shi. Sai ga shi wata rana ya ce in ɗauko gafaka in raka shi Maigatari, gidan Madugu Tanko.

Madugu Tanko attajiri ne mai raƙuma, yana fataucin hatsi da kanwa tsakanin nan da Damagaram. Gajere ne, muryarsa a ƙasa-ƙasa, ban taɓa jin ya daka wa kowa tsawa ba. A tsakar gidansa na tarar da kayan a jere: doki akawal da sirdinsa, riguna 'yan Kura masu ƙyallin shuni, kantunan gishiri, kesunan wuri, wato buhunan tabarma cike da kuɗin wuri. Aka ce in rubuta wa kowane babba takardarsa da sunan Amadu. Da na gama, don in nuna na san aiki, sai na ce, "Madugu, in ƙara wata takarda ta shaidar rance?"

Ya yi dariya. "Malam, ka taɓa ganin an ba itace rancen ruwa? Dashe na yi. Inuwa kawai nake jira."

Amadu ma ya yi dariya, amma ta yaƙe ce. Wata bai cika ba aka naɗa shi Barde.

Yanzu ku ji yadda ake zaman majalisa, don ba shi aka koya muku a aji ba. Mutum bakwai ne ke zama gaban hakimi. In an kawo magana, daga ƙarami ake farawa a hau sama, don kada ƙarami ya ji ta babba ya kwaikwaya. Ba mai cewa a'a. Ba a cewa a'a a gaban mai ƙasa. Wanda ya yarda ya ce, "Na bi, ranka ya daɗe." Mai shakka ya ce, "A duba." Wanda kuwa ya ƙi, ƙi na gaske, ba ya cewa komai. Hannu zai sa ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki har hanci, ya sunkuyar da kai. Da hakimi ya ga haka sai ya ce, "A bar ta sai wani zama." Maganar da aka bari sai wani zama kuwa ta mutu ke nan, ba kuma wanda zai ce ga wanda ya kashe ta. Haka aka gada, kuma yana da amfaninsa: ba a kunyata kowa ba, ba a tashi da gaba ba.

Da Turawa suka zo sai suka kawo littafi, babba, mai jan bango da layi-layi. Suka ce kowane zama a rubuta maganar da aka yi, a rubuta sunan kowa, a gaban sunan kuma a sa abin da ya ce. Ranar da Malam Hamidu ya miƙa mini littafin, yanar ido ta riga ta fara cinye masa gani, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka rubuta abin da kunnenka ya ji. Abin da idonka ya gani, tsakaninka ne da Allah." Shi in mutum ya ja amawali, sai ya bar gaban sunan fili, a ƙasa ya sa an ɗaga magana. Ni kuwa mai rabin karatu ne, rabin karatu kuma ya fi jahilci girman kai. Na ga filin nan kamar kasawa ce. Bature ya ce a cika, ni zan cika, in nuna na fi tsoho.

Haka na fara rubuta, "Barde ya ja amawali." Na rubuta ranar da aka so a ƙara kuɗin fiton kanwa. Na rubuta ranar da aka so a tayar da zangon raƙuma daga bakin rijiyar gari don mata su sami ɗiban ruwa. Na rubuta ranar da aka ce masu sayar da hatsi su koma mudu ɗaya. Na rubuta ranar da aka kawo ƙarar gonar wasu marayu da Madugu ya shige. A kan kowace magana ban da irin waɗannan, Barde ne sarkin surutu, kuma wallahi yana da kai, sau da yawa shi ke faɗin abin da ya dace. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba wanda ya san abin da nake rubutawa, don a cikin bakwai ɗin nan ba mai buɗe littafin.

Sai shekarar yunwa ta zo. Ruwa ya ɗauke gero yana fidda kai, ya bushe a tsaye. Kafin bazara mutane sun koma cin tafasa da 'ya'yan ƙarangiya. Mata suna tona gidan tururuwa don su sami abin da ta tara. Mutanen arewa suka riƙa gangarowa suna faɗuwa a bakin hanya, wanda ya faɗi kuma ba ya tashi. Bature ya aiko da umarni biyu. Na ɗaya, hakimi ya fitar da mutum uku su zaga su duba rumbunan ƙasar. Na biyu, majalisa ta zauna ta hana fitar da hatsi ƙetaren iyaka, don a can ya fi tsada, fatake can suke kaiwa. Mutum ukun su ne Barde a gaba, sai Liman, sai Sarkin Kasuwa. Ni ina biye da gafaka, da dogari ɗaya mai riƙe da sandar ƙarfe.

Duba rumbu ma sana'a ce. Ka ƙwanƙwasa cikinsa: in da hatsi ya amsa a daƙile, in ba komai ya amsa kamar ganga. Wanda aka binne a rami kuwa, sandar ƙarfen nan ake cakawa a ƙasa, a zaro, a shinshina bakinta. A wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, Barde ya sa aka caccake ɗakin wani tsoho har aka tono tulu ɗaya na irin shuka. Tsohon yana cewa, "Barde, iri ne, in na ci shi me zan shuka?" Barde ya ce, "Rubuta, Malam." Na rubuta.

Kwana na tara muka sauka a zangon Madugu, bayan garin Maigatari. Rumbunansa duk a buɗe, ya sa an cire musu murfi tun kafin mu iso, ko ɓera ba zai kwana a ciki ba. A tsakiyar fili an kafa sabuwar rumfa, an zuba rairayi mai laushi, an shimfiɗa tabarmi sababbi. Aka kawo fura. Fura, a wannan shekara! Ina zaune da littafi a cinya sai na ga layin tururuwa yana fitowa daga ƙarƙashin tabarmar da Barde yake kai. Kowace da ƙwayar gero a bakinta. Layin ya bi ta gefen ƙafar Liman, shi kuma ya ɗage ƙafar a hankali, ya ƙara saurin jan carbi. Sarkin Kasuwa ya ɗaga kai yana duba rufin rumfa kamar shi ya yi ta. Dogari yana tsaye da sandarsa, Barde ya ce, "Kai, jingine abin nan ka zo ka jiƙa maƙoshi."

Madugu ya ce, "Malam Sambo, me kake kallo a ƙasa? Ko ka yar da wani abu?"

Na ce, "Alƙalami nake nema."

"Ai ga shi a hannunka."

Barde ya ajiye ludayi ya ce, "Rubuta: mun duba, ba mu sami komai ba." Kunnena ya ji, na rubuta. Rannan ne na fara bin maganar Malam Hamidu.

Da muka koma aka zauna kan maganar hana fitar da hatsi. Kowa ya ce ya bi, ban da mutum ɗaya. Da aka zo kan Barde, ya ja amawali. Hakimi ya ce a bar ta sai wani zama. Hannuna ya riga ya saba, ya rubuta abin da ya saba rubutawa, karo na biyar. Cikin makon nan raƙuman Madugu suka ƙetare iyaka da rana tsaka, an lulluɓe kayan da tabarmi wai kanwa ce. Kanwa daga arewa take zuwa, ba a kai ta arewa. Yaro ma ya san wannan.

Baturen da ke zuwa mana rangadi, muna kiransa Mai Jan Kunne. Ya iso, ya sauka a bariki, ya aiko masinja ya karɓi littafin, ya ce gobe da hantsi majalisa duka ta hallara tare da magatakarda. Tafintansa ne ya karanta masa, tafinta kuwa bakinsa ba ya riƙe ruwa. Kafin la'asar, ina dawowa daga masallaci, na tarar da Barde a ƙofar gidana bisa doki. Bai sauka ba.

"Malam Sambo, ashe ido gare ka."

Na durƙusa. "Allah ya ja zamanin Barde."

"'Ya'yanka nawa yanzu?"

"Uku."

"Allah ya raya. Shekarar nan yara ba su da wuyar mutuwa." Ya juya linzami ya tafi.

Ina shiga gida ƙanshin tuwon gero ya tare ni, ƙanshin da rabona da shi wata biyu. Wai tun da safe wani bara ya sauke buhu ya ce daga fada ne, uwargida ba ta tsaya tambaya ba ta surfa ta daka. Yaran suna zagaye da akushi, hannu da hannu, ƙaramar ko tauna ba ta yi. Na san ramin da geron nan ya fito, na zauna a kansa. Ban hana su ba. Ni ma na sa hannu na ci. Ku rubuta wannan ma in kuna so.

To ku auna. Shekara biyu kafin nan an kama wani malamin haraji na maƙwabtanmu da rubuta ƙarya a littafin Bature. An yi masa bulala a kasuwa, aka tafi da shi Kano cikin mari, har yau ba a gan shi ba. A ɗaya gefen kuma, wani mai jan raƙumin Madugu da ya yi surutu a mahauta kan abin da suke ɗauka, a tsohuwar rijiya aka tsamo shi, aka ce santsi ne. In na faɗi gaskiyar amawali, tambaya ta gaba ita ce ta rumbu, takardar rumbu kuwa rubutuna ce, geron kuma yana cikina. In na yi ƙarya aka gane, mari. Wannan shi ne aikin zaunen da kuke sha'awa.

Da hantsi muka taru a gindin tsamiyar bariki. Mai Jan Kunne yana kan kujerarsa mai naɗewa, littafin a buɗe a kan tebur, ya sa tsinke biyar a cikinsa. Yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Na ce, "Zaki, ni ne."

"Mutum ɗaya. Sau biyar. Ya ja amawali. Mene ne ma'anarsa?"

Hakimi yana kallon ƙasa. Liman yana jan carbi. Barde yana hannun damana, bai motsa ba, amma ina jin numfashinsa. Abin da ya fito daga bakina ban shirya shi ba, wallahi ban san daga ina ya zo ba.

"Haƙori ne, Zaki. Barde yana fama da ciwon haƙori. In ya tasar masa ba ya iya magana, sai ya rufe baki saboda iska."

Bature ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya juya. "Barde, gaskiya ne?"

Barde ya ce, "Gaskiya ne, Zaki."

"Shekara uku?"

"Yana tashi yana kwanciya."

"Ayya. Babban mutum kamarka. Haƙorin nan ya hana ka aiki, ya hana talakawa abinci. Mugun haƙori ne." Ya ɗaga hannu ga masinja. "A kira maƙeri."

Kun san a nan maƙeri ne ke cire haƙori. Aka zo da shi da awartakinsa. Bature ya ce, "Wanne ne?" Barde ba shi da hanyar cewa ba ko ɗaya, don in ya ce haka ya ƙaryata kansa. Da hannunsa ya sauke amawalin, ya buɗe baki. Haƙoran nan reras, jajaye da goro, ba mai ko tabo. Ya sa yatsa a kan na matauni, na hagu, a ƙasa. Dogarai biyu suka riƙe kafaɗunsa. Ruɓaɓɓen haƙori da kansa yake biyo awartaki, lafiyayye kuwa sai an yi kokawa. Sau uku maƙerin nan yana ja yana hutawa, a na ukun ya taka gwiwar Barde, aka ji ƙas kamar an karya busasshen kara. Barde bai yi ko tari ba. Tun daga jan farko har na ƙarshe idonsa yana kaina. Jini ya gangaro bisa rigar 'yar Kura, irin waɗanda na gani a jere a tsakar gidan Madugu.

Bature ya ce, "Yanzu ya warke. A sake tambayar maganar hatsi." Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kansa, Barde ya tofar da jini ya ce, "Na bi." Bature ya turo mini littafin ya ce, "Rubuta." Na rubuta. Ku buɗe shafin za ku ga yadda layin ya karkace. Aka hana fitar da hatsi daga rannan, bayan ramin Madugu ya riga ya zama ganga.

Ko Baturen ya gane? Ya gane mana. Tuɓe ɗan majalisa sai an rubuta takardu zuwa Kano an jira amsa, cire haƙori kuwa ba ya bukatar hatimi. Ya yi abin da zai ba abokansa labari su yi dariya, kashegari ya ɗaure kayansa ya wuce Gagarawa. Shi ya tafi. Ni aka bari.

Bayan kwana bakwai baran Barde ya yi sallama a gidana, ya miƙo mini laya sabuwa, jar fata, ɗinkin baduku mai kyau. Na taɓa na ji abu mai tauri mai ƙafa biyu a ciki: haƙorin ne. Ya ce, "Barde ya ce ka ajiye masa, tunda kai ne mai ajiye abubuwa. In lokaci ya yi zai aiko a karɓa."

Yau fiye da shekara goma ke nan. Barde yana nan a majalisa, yanzu shi ne na biyu ga hakimi, tsakanina da shi kamu uku. Bai taɓa yi mini baƙar magana ba. Madugu ya ƙara dasa itace biyu a cikin bakwai ɗin, ba sai na nuna muku su ba. Sau biyu ana neman magatakarda a Gumel ana tsallake ni. Ba na shan furar da ba a gidana aka dama ba, ba na bin hanyar tsohuwar rijiya ko da rana. In aka kawo maganar da ta shafi raƙuma, Barde yakan juyo ya yi mini murmushi, ya sa harshe a giɓin nan, sannan ya ja amawali. Ni kuma in bar gaban sunansa fili. Giɓin da kuke gani a littafina ke nan, mai dariya ya ci gaba da dariya.

Duk wanda aka ba buzun nan a cikinku, zan miƙa masa gafaka da kurtu da askar fiƙa, in koya masa dahuwar bagaruwa in yana so. Layar kam ba ta cikin gado, tana wuyana. Jiya da aka tashi daga zama, Barde ya tsaya ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar yara. Ya kira sunansu ɗaya bayan ɗaya, har jaririn da aka raɗa wa suna makon jiya.